Fam 1,150 na biya: ku yi hattara da mai sayar da “rim ɗin marigayi babana”

Sau uku ina rubuta wannan ina gogewa, don kunya. Fam 1,150. Ku sake karantawa, fam dubu ɗaya da ɗari da hamsin, ban da fam 70 na mai kawo kaya, ban da kuɗin ranar shiga fili da motata da na riga na biya a filin tseren motoci na Donington Park, wanda shi ma ya bi ruwa. Kuma ba yaro aka yi wa ba. Ni ne, wanda ya tashi a garejin mahaifinsa, wanda tun yana firamare ake aikensa Ƙofar Ruwa sayo kayan gyara, wanda ya san yadda ake wanke tsohon kaya da fetur a saka shi a sabon kwali. Ni wani Bature da ban taɓa ganin idonsa ba ya wanke tas.

Waɗanda suka san ni a nan Ingila sun san motar. MGB ce ta 1966, shekara shida ina bin ta noti bayan noti. Injinta cc 1,798 ne, ƙarfin doki 95 ranar da ta fito daga masana'antar Abingdon, wato ba ta da ƙarfin da za a yi wasa da shi. Shi ya sa duk mai shiga fili da irin wannan tsohuwar ya damu da nauyin ƙafa. Kilo ɗaya a but ba komai ba ne, sifirin ya ɗauke shi. Amma kilo ɗaya a rim, shokazoba ce ke kokawa da shi a kowane gargada, inji ne zai juya shi, birki ne kuma zai tsayar da shi. Na daɗe ina mafarkin rim ɗin Minilite na asali, mai hannu takwas ɗin nan da ƙananan Mini suka yi suna da shi a gasar rali a shekarun 1960, na magnesiyam, wanda nauyinsa bai wuce kashi biyu cikin uku na alminiyam ba. Wannan kwaɗayin nawa ne, ban musa ba.

To sai ga talla a wani zaure na masu tsofaffin motoci a Facebook. Rim huɗu, inci 14, wai magnesiyam na asali, ɗauke da tayoyin Avon CR6ZZ da aka yi tsere biyu kacal da su. Ya ce na mahaifinsa ne da ya rasu, yana kwashe kayan garejin ne don za a sayar da gidan. Har da hoton wani tsoho da hular kwano kusa da mota mai lamba a ƙofa.

Kada wani ya ce min ban yi tambaya ba. Na yi. Na nemi hoton bayan rim ɗin, ya turo. Na nemi ya ɗora ɗaya a sikeli, ya turo bidiyo, kilo 4.6 ba taya. Na ga allurar da idona. Amma ba wannan ne ya kama ni ba. Abin da ya kama ni tambayarsa ce. Kafin ma mu yi maganar kuɗi ya ce, “Motarka daga masana'anta da rim mai noti ta zo, ko mai waya ce, irin ƙafar keke, aka canza? Don aksul ɗin baya na masu waya ya fi gajarta, kada ka saya taya ta riƙa gogar jikin motar ta ciki.” Jama'a, wannan gaskiya ce! Haka abin yake. Mutum nawa ne suka san haka? Ina zaune a kicin da kofin shayi, na karanta saƙon, na ce wa uwargida, “Maman Khalifa, wannan mutumin ɗan gida ne, ya san mota.” Ta ce, “Abban Khalifa, kai dai ka je ka gani da idonka.” Na ce tafiyar awa huɗu ce. Awa huɗu! Man fam nawa zan sha? Na tsaya ina lissafin mai, na ba da 1,150.

Yau kwana goma sha ɗaya ina juya wannan tambayar a raina. Ɗan damfara ya hana ka sayen abin da ba zai yi maka ba? Har cewa ya yi in motata mai waya ce gara in haƙura. Wa zai ji haka bai saki jiki ba? Yanzu ne na gane tarkon kenan. Tambayar ce ƙugiyar, ni kuma na haɗiye har da zaren.

Na manta ban faɗa ba, kuɗin ba sau ɗaya na tura ba. Fam 300 na fara turawa na kafin alƙalami, ranar Talata, don ya ce wani daga Wales na zuwa Asabar da kuɗi a hannu. A'a, Laraba ce, don Talata ce ya turo bidiyon sikelin. Sauran 850 kuma ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina cikin mota a wurin ajiye motoci. Na so in biya ta PayPal, ta hanyar sayen kaya wadda ke da kariya ga mai saye, ya ce cajin ya yi yawa, in dai ba ta hanyar 'yan uwa da abokai zan tura ba, gara banki kai tsaye. Da na saka lambar asusun, manhajar banki ta nuna min sunan bai yi daidai da nasa ba. Ta nuna min ƙarara. Na tambaye shi, ya ce asusun matarsa ne, ita ke riƙe da kuɗin gadon. Na danna. Da yatsana na danna. 300 da 850.

Kaya sun iso, wannan ne ma abin haushin, da bai aiko komai ba da maganar ta fi sauƙi. Ina ɗaga na farko daga kwali hannuna ya faɗa min gaskiya kafin idona. Na ce ƙila tayar ce. Na ɗaga motar da jak, na kwance ƙafar gaba, na kawo rim ɗin, ramukan suka ƙi haɗuwa da ƙusoshin. Na juya, na sake juyawa kamar wawa. Ramukan MGB huɗu ne a kan da'irar inci huɗu da rabi, milimita 114.3. Na auna wannan, milimita 100 cif, irin na Mazda MX-5 ta farko. Ko da guduma ba zai shiga ba.

Washegari na kai su wurin mai taya a unguwarmu, wani dattijo da ya daɗe a sana'ar. Ya cire taya ɗaya, muka ɗora rim ɗin a sikelinsa, kilo 7.2. Ina 4.6 ɗin bidiyo? Ya ɗan kankare fenti ta ciki da wuƙa, ya ɗiga ruwan khal, wato vinegar. Magnesiyam in khal ya taɓa shi nan take yake kumfa. Wannan ko gezau, ruwan ya gangara kamar a kan faranti. Alminiyam ne, kwaikwayo ne, fentin azurfar ma bai gama bushewa sosai ba, farce na shiga. Ana cikin haka ya kira ni, ya kama yatsana ya ɗora a gindin hannu ɗaya na rim na uku. Tudu. Walda ce aka yi a kan tsaga, aka goge, aka bi da fenti. Ya dube ni bai ce komai ba. Da ramukan sun yi daidai, da wannan zan shiga kwanar Craner Curves ta Donington da shi, gangare, a guje. Rashin shigar noti ne ya tsare ni, ba wayona ba.

Tayoyin kuwa, sunan da ke jikinsu na gaske ne, shekarun ne ƙarya. Kowace taya tana da lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Biyu sun nuna 2311, mako na 23 na 2011. Sauran biyun an goge wurin da sanfefa. Roba ta bushe ta yi tauri kamar tafin tsohon takalmi. A hotunan da ya turo min, duk ɓangaren da babu lambar ya juyo wa kyamara. Na koma na duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, duka tara. Na san da wannan lambar, ni ke koya wa yara ita, amma ban nema ba saboda mutumin ya tambaye ni zancen aksul.

Na rubuta masa, ya karanta. Na kira, ya shiga sau ɗaya. Kafin la'asar shafinsa ya yi layar zana, tallar ma ko sama ko ƙasa. Na kai ƙara banki, na san tun 7 ga Oktoba 2024 akwai dokar mayar wa waɗanda aka damfara ta turin kuɗi haƙƙinsu, amma wadda na yi magana da ita ta ce tunda kaya sun iso, sai sun duba ko damfara ce ko saɓani ne tsakanin mai saye da mai sayarwa. Saɓani! Fam 1,150 nake jira a kira shi da sunansa.

Na kira Yaya a Kano, ina gama ba shi labari ya yi shiru, sannan ya ce, “Ƙanena, da Baba na da rai da ka sha faɗa.” Wannan ta fi kuɗin zafi.

Hotunan hirarmu duka suna nan, da bidiyon sikelin, da rasit ɗin banki biyu, da hoton waldar. Zan saka su a ƙasa yau da dare in na rufe lambobin asusu. Hoton tsohon mai hular kwano ma zan saka, ko wani zai gane daga inda aka sato shi.

In za ku sayi tsohon rim, ku je da kanku, da sikeli da abin awo da khal a aljihu, ku karanta lambar taya, in suna bai yi daidai da asusu ba ku tsaya. Su kuma huɗun nan suna jingine a bayan ƙofar gareji, kullum na shiga sai na yi tuntuɓe da su, kuma ba zan sayar wa kowa ba.