Wata bakwai ina kwana da na'urar CPAP a Kaduna

Shekara da shekaru munsharina abin tsokana ne a gida. Yara kan ce Baba ya tayar da janareta. Dariyar ta ƙare ranar da uwargida ta ɗauke ni a waya ina barci, ta nuna mini bayan sallar asuba. Na ga kaina ina munshari, can sai tsit, ƙirji na ta kokawa amma iska ta ƙi shiga, sannan na saki wani gurnani kamar rago a hannun mahauci. Ta ce, "Baban Hafsa, wallahi kullum haka kake. Ni ba na iya runtsawa sai na ji numfashinka ya dawo."

Dama alamun suna nan, ni ne na ɗauke su gajiyar kasuwa. Ciwon kai da safe, tashi fitsari sau uku kafin asuba, gyangyaɗi ana tsakiyar huɗuba a masallacin Sultan Bello, ga hawan jinin da ya ƙi jin magani. Akwai ranar da barci ya fizge ni ina riƙe da sitiyari a cunkoson Kawo, hon ɗin mai Keke Napep ne ya farkar da ni.

Likita ya tura ni gwajin barci. Bayaninsa shi ne, idan mutum ya yi nisa a barci, harshe da naman maƙogwaro suna saki, a wasu mutane har su toshe hanyar iska, musamman mai ƙiba da kaurin wuya irina. Duk ɗaukewar numfashi ko raguwarsa da ta kai daƙiƙa 10 ana ƙirga ta. Sau 5 zuwa 15 a awa mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 ya yi tsanani. Nawa 41. Oksijin na jinin mai lafiya yakan tsaya daga kashi 95 zuwa sama, nawa kuwa ya faɗi har 78 a wannan daren. Da na ga takardar, jikina ya yi sanyi.

Likita ya ce in riƙa kwana da na'urar CPAP, mai taimaka wa numfashi lokacin barci. Na'urar ba oksijin take bayarwa ba, kamar yadda na zata. Iskar ɗaki ce take zuƙa, ta turo ta cikin mesa zuwa takunkumin da ke hancinka, ƙarfin iskar ya tokare maƙogwaro kada ya rufe. Wani likita a Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya fito da dabarar, aka wallafa ta a 1981.

Mako biyun farko azaba ne, ba zan ɓoye ba. Iska na tsiyaya ta gefe tana hura mini ido, robar ta yi mini shati a karan hanci har abokan kasuwa suna tambaya ko tabarau na canza. Sau da yawa ƙarfe biyun dare nake fizge ta in jefar. Da na koma ƙaramin takunkumi mai zama a ƙofar hanci kawai, sai abin ya daidaita. A mako na uku na farka wata asuba kaina wasai, na zauna bakin gado ina mamaki, ashe haka sauran mutane ke tashi. Fitsarin dare ya koma sau ɗaya. Hawan jinin ya sauko, ko da yake ban daina shan magani ba, likita bai ce in daina ba.

Abin da ba a gaya mini ba shi ne wuta. Da an ɗauke, na'urar ta mutu, ka farka kana jan iska da ƙyar. Dole na sayi inbata da batir, na kuma gano cewa ɗan tankin da ke jikin na'urar, mai ɗumama ruwa don iskar ta samu danshi, shi ne mai cinye caji. In na kashe shi batir na kai ni asuba, amma a hunturu hanci ya bushe har ya yi jini. Ga ƙura: filtar da ya kamata ta daɗe, sati biyu na hazo ta koma jawur, kuma ba abin da za ka tsinta a kowane kemis ba ne, sai an yi maka oda. Kuɗin na'urar da batir sun ci mini abin da zai sayi sabon babur.

Mai son ta hannu ya yi hattara. A 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa saboda soson rage ƙara da ke ciki yana marmashewa, don haka a duba lambar na'ura kafin a biya. Kuma kada a ari ta wani, likita ne ke saita ƙarfin iskar gwargwadon mutum.

Zan sake saye? Ko gobe. Amma da batir zan fara, in haɗa da filta dozin guda tun kafin watan Nuwamba.