Hattara da mai "makarin kowace guba" da ke zaga kara

Jama'a, masu kiwo, a kula. Akwai wani mai ƙaramar mota da lasifika da ke bin kara ranakun kasuwa yana tallar baƙin ruwa a gorar roba, wai shi ne makarin duk gubar da dabba ta ci. Naira 3,000 gora ɗaya. Ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, sunan kamfani ma babu, sai hoton bijimi da aka manna.

Yayana ya saya ya ajiye. Makon jiya yaronsa ya wanke ragon layyarsu da maganin kaska bai sirka da ruwa yadda aka rubuta ba. Kafin la'asar rago yana dalalar da miyau, jikinsa na rawa, ga zawo, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar ƙwayar gero. Sai aka buɗe bakinsa aka ɗura masa ruwan nan. Dabbar da ba ta iya haɗiya! Ya shaƙe, ruwan ya bi ta huhu, muna tsaye ya mimmiƙe.

Da likitan dabbobi ya iso ya karanta kwalbar maganin kaskar, ya ce da an kira shi da wuri, allurar atropine ake yi, a wanke fatar da sabulu da ruwa mai yawa. Gorar kuwa, da muka tsiyaye ta, dakakken gawayin girki ne da manja. Ya ce mai ma yana iya ƙara wa hanji saurin tsotse irin wannan gubar, gawayin murhu kuma ba shi ne gawayin asibiti mai kama guba ba.

Kowace guba da yadda ake magance ta. Saniyar da ta ci gyauron dawa ko ɓawon rogo mai ɗaci, allura daban take bukata ta jijiya, kuma cikin gaggawa. Wadda ta sha takin yuriya, binega da ruwan sanyi ake ba ta. To yaya gora ɗaya za ta warkar da su duka?

In dabba ta ci guba, ku janye sauran daga wurin, ku ajiye kwalba ko ganyen da ta ci, ku kira likita, kada ku yi ɗura idan tana fizge-fizge. Lambar wayar da ke jikin gorar tun ranar a kashe take. Mun kai maganar wurin sarkin kara.