Gargaɗi ga sababbin ɗalibai a Madrid: babu wani "katin yawon ɗalibai" na Yuro 85

Yuro 85 kowa, mutum 14. Ku lissafa da kanku, Yuro 1,190 ke nan wani mara tsoron Allah ya kwashe daga hannun yaran da ko wata guda ba su yi da sauka Sifaniya ba. Kuma abin da ya fi ci mana rai, yawancin wuraren da ya sayar musu kyauta ɗalibi yake shiga. Kyauta!

Ba da kuɗi yake farawa ba, kowa ya lura da wannan. Sai ya shigo zauren WhatsApp na sababbin ɗalibai da sallama da ladabi, ya ce ranar Asabar zai zaga da mutane cikin gari don Allah, ba ko sisi. Kuma ya zaga da su ɗin. Daga Puerta del Sol, wurin alamar da ake fara ƙirga kilomitocin manyan titunan ƙasar, zuwa Plaza Mayor, sannan ya gangara da su gefen majami'ar Almudena ya nuna musu ragowar ganuwar da Musulmi suka gina a ƙarni na 9, zamanin Sarki Muhammadu na Ɗaya na Kurɗuba, lokacin da ake kiran garin Majriɗ. Ya dafa dutsen da hannunsa yana cewa "kakanninmu ne suka ɗora wannan." To wa zai zargi mutumin da ya tsaya gaban ganuwar nan yana irin wannan magana? Duk abin da ya faɗa na tarihi gaskiya ne, mun san garin nan, babu inda ya yi kuskure. Har shayi ya saya wa mutane da kuɗin aljihunsa. A gaban ganuwar nan ya gama da su, mu ma da muka ga hotunan muka ce ma sha Allah, an samu mai taimako.

Kada wani ya zo yana cewa sakarci ne. Ba sakarci ba ne. Mu da muka daɗe a nan ma ba mu cire shi daga zauren ba, sai yanzu muke jin kunyar haɗa ido da yaran.

Katin da yake tallatawa wai ya haɗa gidan zane-zane na Prado, da na Reina Sofía, da Fadar Sarki, da tafiya garin Toledo, duk a Yuro 85, "farashin ɗalibai, Juma'a za a rufe." Ga gaskiyar lamarin. Tikitin Prado Yuro 15 ne, amma ɗalibi mai shekara 18 zuwa 25 ba ya biyan komai, katin makaranta da fasfo kawai zai nuna a wurin yankar tikiti. Wanda ya haura 25 ma yana da ƙofa: Litinin zuwa Asabar daga ƙarfe 6 zuwa 8 na yamma kyauta ne ga kowa, Lahadi kuma 5 zuwa 7, layi ne dai za ka bi. Reina Sofía Yuro 12 ne, shi ma ɗalibi ɗan ƙasa da 26 kyauta, kuma ranar Talata a rufe yake. A jadawalin da mutumin nan ya tura, ranar Talata ya sa Reina Sofía. Talata! Yana nan a rubuce, babu wanda ya duba, har mu.

Toledo kuwa ita ce ta fi ban haushi. Duk wanda bai kai 26 ba yana iya yin katin sufuri na matasa, Abono Joven, wanda ya game dukkan yankuna, har da motar Toledo da ke tashi daga tashar Plaza Elíptica, tafiyar kusan awa guda. Wato katin da ke aljihun yaran ya riga ya biya musu motar da aka sake sayar musu.

Su dai suka tsaya gaban tashar Atocha tun ƙarfe 8 na safiyar Asabar suna jiran motar Toledo da ya yi musu alkawari, wadda ba ta zo ba. A'a, kafin wannan ma an yi na Prado, ranar Alhamis, mutum biyar suka je da lambar QR ɗin da ya tura musu, na'ura ta ƙi karanta ko ɗaya. Da suka jera wayoyinsu sai ga shi lamba ɗaya ce tak, suna kawai ya canza a sama. Suka kira shi, ya ce matsalar na'ura ce, za a gyara kafin Asabar. A daren Juma'a ya fita daga zauren, ko da asubahin Asabar ne, hoton da ke kan lambarsa dai ya ɓace.

Ta Bizum, hanyar tura kuɗi ta waya a Sifaniya, ya karɓi kuɗin, kuma da gangan ne. Bizum nan take kuɗi ke shiga, babu maɓallin janyewa, kuma tunda kai ka tura da hannunka banki ba ya ɗaukarsa kamar an sace maka kati. Sunan da ya fito lokacin turawa ma ba nasa ba ne, ya ce asusun matarsa ne. Waɗanda ba su buɗe asusu a nan ba tukuna, hannu da hannu suka ba shi, babu rasit. Yuro 85 ɗin ma da lissafi ya yanke ta: a dokar Sifaniya damfarar da ba ta wuce Yuro 400 ba ƙaramin laifi ce, ya san mutum ɗaya ba zai ɓata yininsa a ofishin 'yan sanda a kan Yuro 85 ba. Amma 1,190 fa? Shi ya sa ƙarar tare za a kai ta, ba ɗaiɗai ba.

Hotunan hirarsa, da shaidar turawa, da lambar QR ɗin duk suna hannunmu, za mu sa su da zarar an rufe sunayen yaran.

Wanda ya tura masa kuɗi kada ya goge komai, ya kira bankinsa yau, ya zo da fasfo a tafi ofishin 'yan sandan ƙasa, Policía Nacional, tare. Tikiti kuma a shafin gidan tarihin ko a ƙofarsa ake saye, ba a WhatsApp ba.