Tsakanin Gore da Chole: amsa ga Alhajinmu na Garwa

Alhaji, ka ce idan an gama cinikin auduga, wajen watan Fabrairu, kana so ka bar zafin Garwa na mako guda, ka huta a wani ƙaramin tsibiri mai tarihi inda za ka yi nutso ka ga abin da ke ƙarƙashin teku, kuma an ambata maka wurare biyu: Gore a Senegal da Chole a Tanzaniya. Allah ya nufa na kwana a dukansu, kuma tun farko zan faɗa maka cewa da ni ne, a wannan watan, Chole zan nufa.

Gore ta fi sauƙin zuwa ga mutumin Kamaru ko Chadi. Daga tashar jiragen ruwa ta Dakar tafiyar minti 20 ce, Faransancin da kake yi a ofis da kasuwa zai wadatar da kai, kuma lissafin kuɗi ba zai rikita ka ba, ko da yake sefar Afirka ta Yamma daban take da tamu, sai ka yi canji duk da darajarsu ɗaya. Tsibirin bai kai kilomita guda a tsawo ba, babu mota a cikinsa, sai lunguna masu yashi da gidaje ja da ruwan ɗorawa. Turawan Fotugal sun isa can a 1444, Faransa ta karɓe shi a 1677, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. Sai dai wanda ya shiga Gidan Bayi, ya ga ƙananan ɗakunan ƙasa masu duhu, ya tsaya a ƙofar nan mai kallon teku wadda ake cewa wanda ya fita ta cikinta ba ya dawowa, ba ya fitowa da zuciya mai sauƙi. Ni dai na kasa cin abincin rana a ranar. Ziyara ce da ta kamaci kowane baƙar fata, amma ba ita ce hutun da ka bayyana ba, ballantana da rana tsibirin cike yake da 'yan yawon buɗe ido da ɗalibai da masu talla, ba ya yin tsit sai jiragen yamma sun kwashe jama'a.

Maganar nutso kuwa, a nan ne tazarar ta fito fili. A kewayen Dakar akwai duwatsu da nitsattsun jiragen ruwa da ƙwararru ke sha'awa, amma daga Janairu zuwa Afrilu ruwan yana da sanyi sosai, sau da yawa kuma ba ya nuna nesa. Wanda zai fara koyo ba zai ji daɗinsa a lokacin ba.

Chole tana gefen babban tsibirin Mafiya, kudu da Darussalam, cikin yankin tekun da Tanzaniya ta keɓe don kariya tun 1995, mai faɗin murabba'in kilomita 822. A Fabrairu ruwan ɗumi ne, kuma saboda tsibirai sun kewaye mashigar, igiyar ruwa ba ta da ƙarfi a ciki, sai dai masu kwale-kwale suna tsara fita ne bisa cikar teku da janyewarsa, ba bisa agogonka ba. Ranar da na fara sauka, abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani kunkurun ruwa da ke kiwo a kan murjani, ya ɗago kai ya dube ni, ya ci gaba da abinsa, ga ƙananan kifaye shuɗi da rawaya suna kewaye da shi kamar ƙudan zuma a bakin amya. A ɗaya gefen Mafiya, kusa da garin Kilindoni, daga wajen Oktoba zuwa Maris ake ganin kifin nan mai ɗige-ɗige wanda ya fi kowane kifi girma a duniya, kuma ganinsa ba ya bukatar tulun iska, tabaran ruwa da bututun numfashi sun isa.

Tarihin Chole ba a gyara shi don baƙi ba. Kangayen gidajen fataken Larabawa na ƙarni na 19 da ginin mulkin Jamusawa suna nan, saiwoyin itatuwa sun rungume bangonsu, ita ma an yi cinikin bayi a cikinta. A tsibirin Juani da ke maƙwabtaka akwai kufan garin Kua da masallatansa, garin da mayaƙa daga Madagaska suka afka wa a farkon ƙarni na 19. Mutanen wurin Musulmi ne, za ka ji kiran salla, ka ga masassaƙa suna haɗa jirgin katako da hannu a bakin ruwa.

Wahalarta ita ce hanya da kuɗi. Sai ka bi ta Duwala ko Njamena zuwa Addis Ababa, daga can Darussalam, sannan ƙaramin jirgi na abin da bai kai awa guda ba zuwa Mafiya, sannan mota zuwa ƙauyen Utende da ke bakin teku, sai kwale-kwale zuwa Chole. Ana biyan kuɗin shiga yankin a kan kowace rana, da Swahili da Ingilishi ake magana, kuma dole ka riƙe katin rigakafin shawara. Kada ka bari tafiyar ta kai Afrilu, domin lokacin manyan ruwan sama ne.

Abu guda nake roƙonka, Alhaji: iya ruwan da aka koya a Binuwai ko tafkin Lagdo bai isa ga sauka da tulun iska ba. Karatun farko kwana 3 zuwa 4 ne a hannun malami mai shaida, yana ba ka izinin zurfin mita 18, kuma mai ciwon zuciya ko asma ko hawan jini sai ya fara ganin likita. Ka kuma ware yini guda cur tsakanin nutsonka na ƙarshe da hawan jirgin sama, saboda iskar da ta taru a jini tana bukatar lokaci kafin ta fita. Wannan yinin nake ba ka shawara ka yi shi a kufan Kua.