Haɗa Ayyuka Tsakanin Uwar Fayil da Ƙananan Fayiloli a Microsoft Project: Sharhi Daga Katsina

Duk ɗan kwangilar da ya taɓa riƙe aikin gini mai sassa da yawa ya san cewa jadawali ɗaya ba ya isar kowa, domin magini yana da nasa lissafi, mai aikin wuta yana da nasa, mai sayen kaya kuma yana tafiya ne da ranar da kuɗi suka shigo hannu. Manhajar Microsoft Project, wadda ta fara fitowa a 1984 kuma a yau ake aiki da ita a kan Windows, ta tanadi hanyar da kowane sashe zai riƙe fayil ɗinsa, sannan a tattara su a ƙarƙashin babban fayil guda, wanda zan riƙa kira uwar fayil. Wannan ɓangare na manhajar kaɗai nake son aunawa, kuma ma'aunina shi ne irin aikin da muka saba a nan: ofis a birnin Katsina, ginin makaranta a Daura mai nisan kimanin kilomita 80, jadawalin kuma a hannun mutum uku.

Shigar da ƙaramin fayil cikin uwa ba shi da wahala. Akwai maɓalli mai suna Subproject a shafin Project, ana danna shi a zaɓi fayil, sai ya bayyana a matsayin layi guda wanda ake iya buɗewa a ga ayyukan da ke cikinsa. Abin lura shi ne uwar ba ta kwashe ayyukan ta adana a cikinta; adireshin inda fayil ɗin yake a kwamfuta take riƙewa, kuma duk gyaran da aka yi ta cikin uwa yana komawa ga asalin fayil ɗin idan aka adana. Alherin tsarin da matsalarsa duka daga nan suka fito.

Inda manhajar ta burge ni shi ne wajen ɗaura aikin wani fayil da na wani. A ɗauki zubin dakin, wato kankaren rufin gini, wanda yake cikin jadawalin magini, da shimfiɗa bututun waya, wanda yake cikin jadawalin mai wuta: ba a zuba kankare sai an gama shimfiɗa bututun, in ba haka ba sai dai a koma fasa gini daga baya. A cikin uwar fayil ana zaɓar ayyukan biyu a ɗaura su kamar yadda ake ɗaura ayyukan fayil guda, kuma duk nau'o'in ɗauri huɗu suna aiki, wato sai wannan ya gama wancan ya fara, ko su fara tare, ko su gama tare, ko kuma na huɗun da ba kasafai ake buƙatarsa ba, inda farawar ɗaya ke ba ɗayan damar gamawa. Bayan haka, idan magini ya buɗe fayil ɗinsa shi kaɗai, zai tarar da sabon layi mai launin toka wanda ba shi ya rubuta ba. Inuwar aikin mai wuta ce, ba a gyara ta daga nan, amma tana nuna masa ranar da yake jira, kuma idan mai wuta ya makara da kwana huɗu, zubin dakin zai matsa da kwana huɗu ba tare da an buga wa kowa waya ba.

Akwai wata ƙaramar dabara da ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce take raba jadawalin gaskiya da na ado. Bayan an zuba dakin ana jiran kankare ya yi ƙarfi kafin a cire katakon da ya tallafe shi, kuma manhajar tana ba da damar saka wannan jira a jikin ɗaurin kansa. Sai dai idan jiran na kwana 21 ne aka rubuta 21d, kwanakin aiki kawai za ta ƙirga ta tsallake ranakun hutu, alhali kankare ba ya hutun Lahadi. 21ed ake rubutawa domin ta ƙirga kwanaki a jere. Bambancin ya kai mako guda a jadawali mai kwana biyar na aiki a mako, kuma a aikin da ake tseren rufe shi kafin ruwan Agusta, mako guda ba abin wasa ba ne.

Haka nan akwai zaɓin da ke sa a lissafa ƙananan fayiloli tamkar sassan aiki guda, wanda da shi ne ake ganin jerin ayyukan da suka riƙe ranar kammalawa tun daga sayen siminti har fenti, ko da sun ratsa fayiloli uku. Wannan shi ne abin da wanda ya ba da aikin yake biya domin ya gani.

Raunin tsarin kuwa yana cikin adireshin nan da na ambata. Ɗaurin da ke tsakanin fayiloli ana rubuta shi ne da sunan fayil da wurin da yake da lambar aikin, misali C:\Makaranta\Wuta.mpp\14, saboda haka sauya sunan fayil ko mayar da shi wani wuri yana iya yanke alaƙar. A ofishin da kowa yake aiki daga ma'ajiya guda ta sadarwa wannan ba damuwa ba ce, amma mu a nan fayil yana yawo ne ta WhatsApp da filashi, kuma kwamfuta kan ƙara lamba a ƙarshen sunan fayil ɗin da aka sauke sau biyu, ko ta ba filashi wani harafin farkon adireshi daban da na jiya. Da zarar an samu kwafi biyu na fayil guda, ɗaya a Daura ɗaya a Katsina, kowanne yana ɗauke da inuwar ayyukan ɗayan fayil, to warware su aiki ne na yini, kuma wanda ya shiga goge layuka masu launin toka da hannu yana iya rasa ido garin gyaran gira. Akwai akwatin da ake kira Links Between Projects, wanda yake nuna kowane ɗauri na waje da bambancin da aka samu, ya kuma ba da damar karɓar sabuwar rana ko nuna inda fayil ya koma. Yana da amfani ƙwarai, kuma shawarata ita ce a bar shi yana fitowa duk lokacin da aka buɗe fayil, maimakon a zaɓi karɓar sauye-sauye kai tsaye ba tare da an gani ba.

Kalanda ma tana buƙatar kulawa, domin kowane fayil da tasa yake zuwa. Wadda manhajar take farawa da ita tana ɗaukar aiki daga Litinin zuwa Juma'a, awa takwas a rana, ba ta san cewa leburori suna aiki ranar Asabar ba, ba ta san ana tashi zuwa masallacin Juma'a ba, balle hutun ƙaramar salla da babba, wanda a wurin gini yakan wuce kwanakin da gwamnati ta bayar saboda ma'aikata suna komawa garuruwansu. Idan an gyara kalandar magini aka bar ta mai wuta yadda ta zo, ranaku za su riƙa saɓawa ba tare da wani ya ga dalili ba. Dole a daidaita ta a kowane fayil kafin a ɗaura ko da aiki ɗaya.

Primavera P6, wata manhajar tsara jadawali ta kamfanin Oracle, ba ta da wannan damuwa ta adireshi, saboda tana ajiye dukkan ayyuka a rumbun bayanai guda, sai dai koyonta da kafa ta sun fi nauyi, kuma ƙaramin kamfani ba lalle ne ya buƙace ta ba.

Hukuncina shi ne tsarin uwar fayil ya dace da aikin da mutane daban-daban suke da alhakin jadawali daban-daban, da sharaɗin a ajiye dukkan fayilolin a wuri guda tun ranar farko, a sa musu sunayen da ba za a sake taɓawa ba, a kuma ɗora wa mutum ɗaya alhakin buɗe uwa da yin ɗauri. Ɗaurin ma a taƙaita shi ga wuraren da wani sashe yake miƙa aiki ga wani, kamar bututu da dakin, ko isowar kwano da fara rufi. Idan kuwa mutum ɗaya ne yake riƙe da jadawalin gaba ɗaya, ko da ayyukan sun kai ɗari biyar, gara ya zuba su a fayil guda ya raba su da manyan kanu, domin zai samu lissafi iri ɗaya ba tare da ya ɗauki nauyin gadin adireshi ba.