Faifan iska na biyu a babur mai injekta: a cire, a gyara, ko a sauya lissafin ECU?

Idan ka ɗaga tankin babur mai injekta irin su Suzuki GSX-R, SV650 da V-Strom, ko Kawasaki ZX-6R da Z1000, ka buɗe akwatin iyakilina, za ka ga faifai a bakin kowane maƙogwaron iska. Murɗa totur, ba zai ko motsa ba. Wanda hannunka ke juyawa, wato babban faifai, yana can ƙasa, kusa da inji. Na saman shi ne faifai na biyu, kuma ƙwaƙwalwar inji, wato ECU, ita ke sarrafa shi ta wani ƙaramin injin lantarki, sensa kuma na sanar da ita inda ya tsaya. Suzuki ta fara sa shi a GSX-R750 na shekarar 2000 da sunan SDTV. Baburan da toturinsu gaba ɗaya na lantarki ne, kamar Yamaha R6 daga 2006 ko GSX-R1000 daga 2017, ba su da shi, maganar nan ba ta shafe su ba.

Aikinsa kiyaye gudun iska ne. A ce inji na juyi 3,000 a minti ka buɗe totur gaba ɗaya lokaci guda. Hanya ta yi faɗi fiye da abin da inji zai iya zuƙa, iska ta rage gudu, fetur bai gauraya da ita sosai ba, sai inji ya shaƙe na ɗan lokaci kafin ya ɗauka. Faifai na biyu yana buɗewa ne a hankali gwargwadon juyin inji da giyar da kake ciki, irin aikin da tsohon kafireto mai roba a kai yake yi. Amma kamfanoni sun ɗora masa wasu ayyukan: rage ƙarar zuƙar iska da hayaƙi don cika sharuɗɗan doka, da danne ƙarfi a giya ta ɗaya zuwa ta uku kada gaban babur ya riƙa tashi. Wannan dannewar ce ke sa mutane sha'awar cire shi.

Kafin ka kashe kuɗi, ka tambayi kanka me ke damunka. Idan fitilar FI, mai nuna kuskure a tsarin injekta, ce ta kama, babur ya rasa ƙarfi, to lalacewa ce, ba dannewar kamfani ba. A Suzuki lambar kuskure ta C28 na nuna injin da ke juya faifan, wanda ake kira STVA, C29 kuma sensarsa. A Kawasaki lambobin su ne 62 da 32. Sau da yawa a GSX-R600 da 750 na tsakiyar shekarun 2000, dalmar da ta riƙe ƙafafun injin a jikin allonsa ce ke tsagewa saboda zafi da jijjiga. Mai gyaran lantarki da ya san hannunsa zai buɗe ya sake narka ta, aiki ya dawo. Wannan ya fi sayen sabon STVA araha nesa ba kusa ba, balle inda dillali zai ce sai dai ka sayi maƙogwaron iskar dungurungum. Bayan gyara a auna wutar sensar da mita a daidaita ta da adadin da littafin gyaran babur ɗin ya bayar, domin kowane samfuri da nasa. Ka kuma sani cewa cire faifai ba ya kashe C28. ECU ba faifan take kallo ba, injin da sensar take kallo.

Hanyar da ta fi yawa a hannun mutane ita ce cire faifan kaɗai a bar sandar da yake kai, da injin da sensar duk a jone. ECU za ta ci gaba da juya sanda ba ta san babu komai a kanta ba, fitila ba za ta kama ba. Ba ka sayen komai, amma aikin na da tarko. Kowane faifai sukuru biyu ke riƙe da shi, takwas ke nan a inji mai silinda huɗu, huɗu a mai biyu. Kamfani ya dame bayansu ko ya shafa musu gam don kada su taɓa kwancewa, kuma kansu na ma'aunin JIS ne na Japan. Sukudireba mai kan kuros na gama-gari zai cinye kan nan take. Ka nemi na JIS, ka ɗora bakin ƙarfen narka dalma a kan sukurun har gam ya saki, ka danna da ƙarfi sannan ka juya, kana tallafe sandar don kada ta lanƙwashe. Babban faifai ya kasance a rufe, da tsumma mai tsabta cushe a samansa da maganaɗisu a kusa. Sukuru ɗaya ya faɗa ciki ba ka gani ba, bawul da fistin ne za su biya. Mafi aminci a ciro maƙogwaron a yi aikin a kan tebur. Ka yi wa kowane faifai alama, ka adana su.

Me za ka samu? Totur zai fi saurin amsawa, musamman a ƙananan giyoyi, kuma za ka ji babur kamar ya ƙara zafi. Sai dai a juyi mai yawa, inda faifan dama a buɗe yake gaba ɗaya ko kusan haka, ƙarin ƙarfin kaɗan ne ƙwarai, a wasu baburan ma na'urar daino, mai auna ƙarfin inji, ba ta ganin bambanci. A ƙasa kuwa za ka iya yin asara. Lissafin man da ke cikin ECU an yi shi ne bisa zaton faifan ya tare wani ɓangare na iska. Yanzu iska ta ƙaru, mai bai ƙaru ba, sai ka ji inji ya yi rami idan ka fizgi totur a ƙaramin juyi, ko babur ya riƙa zabura a cunkoso da tsakiyar kwana. Maganinsa sake daidaita mai da akwati irin Power Commander a kan daino, a nemi iska kusan kashi 13 ga fetur kashi 1 a cikakken totur. Ka ga aikin da aka ce kyauta ne ya fara cin kuɗi.

Akwai baburan da bai kamata a taɓa faifansu ba sam. GSX-R1000 na 2007 ya zo da maɓallin zaɓen ƙarfi na A, B da C, kuma da faifan nan yake rage ƙarfin. Na'urar hana tayar baya sulɓewa a V-Strom 1000 na 2014 da takwararta ta Kawasaki, KTRC, su ma suna amfani da shi, tare da jinkirta wutar fulogi. Ka cire faifai, allon mitar babur zai ci gaba da nuna na'urar na aiki alhali ka yanke mata hannu ɗaya. A Hayabusa na 2008 kuwa, injekta ta biyu an saita ta ne ta fesa mai a jikin faifan.

Cire komai da komai, faifai da sanda da inji, aikin babur ɗin tsere ne. Dole a toshe ramukan sandar yadda iska ba za ta shiga ba, a sa ɗan akwatin da ke yaudarar ECU ko a kashe lambar kuskuren daga ciki. A wasu samfura, kamar SV650 na 2003 zuwa 2006, sandar nan ce ke tura babban faifai ya ɗan buɗe don ɗaga silo idan inji ya yi sanyi. Babu ita, kullum da safe sai ka riƙe totur da hannu har inji ya ɗumama.

Ga mai hawa titi da ke son ƙarfin da aka danne, sake rubuta ECU ya fi duk waɗannan. Manhajoji irin na Woolich Racing suna buɗe teburin faifai na biyu na kowace giya. Mai saiti zai bar shi ya ci gaba da aikinsa a ƙaramin juyi, ya sa shi ya buɗe da wuri a tsakiya da sama, ya gyara mai da lokacin wuta a zama ɗaya. Ba a kwance sukuru ko ɗaya ba. Ka tambaye shi ko zai ajiye maka fayil ɗin asali, ko saitin na salansa da iyakilinar da ke jikin babur ɗinka ne, ko kuma zai auna a daino kafin da bayan aiki. Wanda ya ce kawai zai buɗe faifan 100 bisa 100 a ko'ina, cirewa ce ya yi maka da kwamfuta, da raminta da zaburarta. Garanti na iya faɗuwa, kuma a ƙasashen da ake gwajin hayaƙi sai ka duba doka tukuna.

Mai sayen babur na hannu kuma ya sa a buɗe akwatin iyakilina a gabansa. Kunna makulli ba tare da tayar da inji ba: a yawancinsu za ka ji ɗan kukan injin lantarkin, ka ga faifai sun juya. Sanda tsirara na nufin an cire su, sai ka tambayi ko an daidaita mai bayan haka, ka karɓi faifan da sukurorinsu cikin ciniki.