Dutsen Annabi Adamu da Pidurutalagala, wanne ya fi tsawo?

Malam ka tambaya wai ko dutsen nan na Sarandib, wato Siri Lanka, da ake cewa a kansa Annabi Adamu (AS) ya sauko shi ne mafi tsawo a tsibirin. A'a ba shi ba ne, amma fa ba kai kaɗai ba, mutane sun daɗe suna wannan zaton.

Dutsen Adamu mita 2,243 ne, shi kuwa Pidurutalagala mita 2,524, kai na Adamun ma ko cikin uku na farko bai shiga ba. Ido ne ya ruɗi mutane. Na Adamu tsaye yake shi kaɗai da tsini kamar kan sukari a gefen kudu maso yamma na tsaunukan, tun daga teku matuƙa jirgin ruwa ke hango shi, Ibn Baɗuɗa da ya je a 1344 cewa ya yi sun gan shi daga nesa kamar hayaƙi ya miƙe sama, ya hau, ya ba da labarin sarƙoƙin ƙarfe da ake kamawa da hanyoyi biyu, ta Baba da ta Mama, wato ta Adamu da ta Hauwa'u. Turawan Fotugal ma da suka zo sunan Adamun suka ci gaba da kiransa, haka ya zauna a taswirorin Turawa. A ƙolinsa akwai sawun ƙafa a jikin dutse, Musulmi su ce na Adamu, 'yan Buda su ce na Buda, 'yan Hindu su ce na abin bautarsu Shiba.

Pidurutalagala kuwa bawan Allah, kansa a dunƙule yake daji ya rufe shi, kuma yana zaune ne a bayan garin Nuwara Eliya wanda shi kansa ya kusa mita 1,900, to in kana cikin garin sai ka ga tudu ne kawai. Sai da Turawan Ingila suka kafa ofishin safiyo a 1800, suka ci masarautar Kandy a 1815 sannan masu awo suka samu shiga tsakiyar ƙasar sosai, awo ya fito da gaskiya. Sunan ma ya gagare su, Pedro suke ce masa.

In zuwa za ka yi ni dai na Adamu zan ce maka, daga Disamba zuwa Mayu ake hawa, cikin dare, matakala sama da dubu biyar. Ɗayan eriyoyin talabijin da rada ne a kai, sojoji ke gadi.